Ɗakin Albarushi: Daga Tawa Zuwa Fudiriyar ta Yamai

Mun bar Tawa bayan sallar asuba, mu uku: ni, da direba, da wani magini ɗan Adar da ya tsufa a ginin ƙasa, wanda kowa ke kira Sarkin Magina ko da yake ba a naɗa shi ba. Hanyar Yamai ta fi kilomita 500. A gangara kudu ta Badagishiri har mararrabar Tsarnawa, a kama babbar hanya zuwa yamma, a ratsa Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Motar haya yini guda take cinye ta. Mu kwana uku muka yi, domin abin da ya fitar da mu shi ne duba tsofaffin gine-gine, musamman ɗakunan da sojan zamanin Nasara suka riƙa ajiye bindigogi da harsashi, waɗanda tsofaffi ke kira ɗakin albarushi, ƴan boko kuma su ce fudiriyar.

Wanda zai yi irin wannan tafiya ya fara riƙe abu ɗaya. Duk ginin da ke cikin bariki, ko jikin katangarsa, ba a ɗaga masa waya a ɗauki hoto, kuma ba a auna shi, komi tsufansa, sai da takardar izini daga hukumar soja. Wanda yake hannun farar hula ma a fara zuwa wajen magajin gari da mai unguwa. Baƙon da aka gani da ma'auni da littafi yana zagaya tsohon ginin gwamnati a wannan zamani, shi ya jawo wa kansa tambayoyi.

Zangon farko bai shafi soja ba. Mun ratse zuwa Yama don ganin masallacin Juma'ar da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986, sannan muka leƙa Dandaji, inda aka gyara tsohon masallacin ƙasa aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi, aikin da aka kammala a 2018. Dalilin ratsewar shi ne ido ya fara ganin ginin ƙasa mai lafiya kafin ya ga marar lafiya. Dandaji kuma ta nuna cewa gini yana iya barin aikin da aka yi shi dominsa, ya kama wani, ba tare da an rushe shi ba.

Ginin da ya fi cin lokacinmu yana wani gari a kan hanya, a tsohon filin bariki da yanzu gidaje suka kewaye. Ba zan ambaci garin ba, don har yanzu filin na hukuma ne. Daga nesa ba abin kallo ba ne: ɗaki guda, gajere, mai faɗin kafaɗa, ba taga, ƙofa ɗaya, awaki na kwance a inuwarsa. An tara karyayyun bencina a ciki. Sai da Sarkin Magina ya tsaya a bakin ƙofa ya shimfiɗa hannu bisa kaurin bangon, daga gwiwar hannu zuwa ɗan yatsa sau biyu bai kai ƙarshe ba, sannan ya juyo ya ce, "Malam, wannan ba don mutum ya kwana aka yi shi ba."

Akwai bambancin da mutane ke haɗawa. Ɗakin bindigogi dabam, ɗakin albarushi dabam. Na bindigogi tsoronsa ɓarawo da tawaye, saboda haka ake gina shi tsakiyar bariki, kusa da masu gadi, da tagogi masu sandunan ƙarfe, da ƴar kafa inda ake miƙa wa soja bindigarsa a rubuta lambarta. A jikin bangonsa za ka ga ramukan da aka kafa katakon jera bindigogi, layi biyu, ɗaya daidai gwiwa inda gindin bindiga ke zama, ɗaya daidai ƙirji. Na albarushi kuwa tsoronsa wuta, da laima, da zafi, don haka ake ware shi can gefe, a kewaye shi da katanga ko tudun ƙasa. Abin da ya tabbatar mana wanne muke gani shi ne kafofin iska. A waje akwai ƴar tsaga a tsaye, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. A ciki ma akwai irinta, amma ba sa kallon juna. Ka zura kara ta waje, sai ya tokare da gini a tsakiyar bango, domin hanyar iskar ta rabu biyu ta zagaye wani dunƙule sannan ta sake haɗuwa. Iska tana iya wannan lanƙwasa. Tartsatsi, ko harsashi, ko tsumma mai wuta da wani ya jefa, ba sa iyawa. Wannan dabara tsohuwa ce, tana cikin tsarin da Vauban, injiniyan sojan Faransa na ƙarni na 17, ya shimfiɗa wa ɗakunan albarushi, inda bangon gefe ke kai kusan mita biyu da rabi a rufe shi da baka mai kauri. Na ƙasarmu ƙanana ne a kan waɗancan, da kayan da aka samu a wurin aka yi su, amma tunanin ɗaya ne.

Daɓen ma yana magana. Albarushin gargajiya haɗin gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai narkewa a ruwa, kuma da ya sha laima sai ya dunƙule ya ƙi tashi. Shi ya sa ba a ajiye ganga ko akwati a ƙasa. Ana ɗaga daɓen katako bisa ƴan ginshiƙai, iska na wucewa ta ƙarƙashi, a kuma bar tazara tsakanin kaya da bango. Katakon nan ya daɗe da zama itacen girki, amma ramukan da kawunansa suka shiga suna nan jere a gindin bango, kamar taki ɗaya tsakanin kowane biyu. A ƙa'idar irin wannan ɗaki baƙin ƙarfe ba ya shiga, domin in ya gogi dutse yana ba da tartsatsi. Ƙusa, sakata da maƙalan ƙyaure na jan ƙarfe ne ko tagulla, mai shiga kuma ya tuɓe takalminsa mai ƙusa a waje. Fitila ba ta shiga. Inda aka yi ginin da kyau, ana huda mata gurbi daga waje a toshe da gilashi ta ciki, haske ya shiga, wuta ta tsaya a waje. A bakin ƙofar mun ga gurabun ƙyaure biyu, ɗaya na buɗewa waje, ɗaya ciki. A kusurwar gabas kuma akwai jerin ƙananan ramuka daga rawanin gini har ƙasa, sawun maƙalan da suka riƙe ɗamarar jan ƙarfe ta kare aradu, wadda ke sauka cikin rami a ƙasa. Jan ƙarfe shi ake fara sacewa a kowane irin gini, sawunsa kaɗai ake tararwa.

Kaurin bangon yana da wani dalili da ya fi shafar ƙasar zafi. Lokacin da Faransawa suka shigo nan, a ƙarshen ƙarni na 19, sun riga sun fara sauya albarushi. Paul Vieille ya ƙirƙiro marar hayaƙi a 1884, bindigar Lebel ta 1886 da shi take aiki, ko da yake an daɗe ana riƙe da tsohuwar Gras ta 1874 mai baƙin albarushi. Sabon ba ya tsoron laima kamar tsohon, zafi ne makashinsa. In ya daɗe a wuri mai zafi sai ya fara ruɓewa a hankali, yana fitar da tururi mai ƙara gaggauta ruɓewar, har ya kama wuta shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Haka jiragen ruwan yaƙin Faransa biyu suka tarwatse a tashar Tulon, Iéna a 1907 da Liberté a 1911. To a ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, bangon ƙasa mai kauri shi ne na'urar sanyaya ɗaki. Zafin tsakar rana yana ɗaukar kusan rabin yini kafin ya ratsa bango mai kaurin kamu ɗaya, kafin ya iso ciki dare ya yi, ya juya ya koma waje. Mun shiga da azahar, muka ji kamar an shiga randa. Wanda ya fasa wa irin wannan ɗaki manyan tagogi don ya mai da shi ofis ya kashe abin da ya sa aka gina shi, ya kuma goge shaidar.

Wani dattijo cikin mazan jiya, wanda gidansa ke kallon filin, ya fito da kujera ya zauna yana kallonmu. Da muka gaisa na faɗa masa abin da ya kawo mu, sai ya ce, "Ɗana, ginin Nasara ne fa. Abin da aka ajiye a ciki da shi aka harbi kakanninmu. Mene ne abin adanawa?" Tambayar tana da nauyi, balle a wannan hanya. A Afrilun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, can yankin Dogon Dutsi, a watan Mayu kuma ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Na ce masa, "Baba, wa ya kwaɓa ƙasar? Wa ya ɗauko ruwa da duwatsu a ka?" Ya yi shiru, sannan ya ce talakawan garin ne, aikin tilas. Kuma haka ne, ba a soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka ba sai a 1946. Nasara ya zana, ya tsaya da bulala, amma hannun da ya ɗora tubali namu ne, kuma sawun yatsun yana jikin yaɓen ciki inda rana ba ta taɓa ba. A ganina wannan kaɗai ya isa hujja. Yaron da aka gaya wa an yi mulkin mallaka zai iya ɗauka tatsuniya ce. Wanda aka kai cikin ɗakin, aka nuna masa inda bindigogin suka jeru da nisan wurin daga kasuwa da fadar sarki, ya ga yadda mutane ƙalilan suka riƙe ƙasa guda. Gani ya kori ji.

Kuma kada a ɗauka ajiyar makamai da Nasara ta zo. A Damagaram, Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya kewaye birni da ganuwa, ya tara ƴan bindiga, maƙeransa suna zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a garin. A can aka kashe Kyaftin Cazemajou na sojan Faransa a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, bayan yaƙin Tirmini na 1899 kuma Faransawa suka kafa sansani bisa duwatsu suka sa masa sunan mamacin. Ganuwar Tanimun yanzu sai guntaye. A arewa, sansanin Faransawa na Agadas ya sha ƙawanyar Kawusan, jagoran Abzinawa, daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917. Ginin soja a Nijar tarihin ɓangarori biyu ne, na wanda ya zo da na wanda ya tare shi.

Da aka gama maganar tarihi sai Sarkin Magina ya kama ni muka zagaya ginin ta waje, a nan ne aikinsa yake. Ciwon farko yana gindi. Shekara da shekaru shara da rairayi sun taru har ƙasan waje ta fi daɓen ciki tudu, ruwan damina yana kwanciya jikin bango. Bangon ƙasa yana tsotsar ruwa sama kamar lagwani, ruwan ya bushe ya bar gishiri, gishirin ya mai da tubali gari. Fitsarin awaki yana ƙara masa. Shi ya sa gindin ya zaizaye ya shige ciki kusan tafin hannu, daga ƙasa zuwa gwiwa, bangon ya zama kamar mai tsaye da ƙafa ɗaya. Hausa ta yi abin mamaki a nan, kalma ɗaya ce ga abin da ake ɗura wa bindiga da abin da gini ke tsaye a kai, harsashi. Na farkon ya bar ɗakin tuntuni, na biyun ne ke neman tafiya yanzu.

Ciwo na biyu hannun mai gyara ne ya kawo shi. A wani lokaci an yi wa bangon arewa shafen siminti, da kyakkyawar niyya. Siminti ba ya numfashi, kuma ba ya motsi tare da ƙasa. Yakan yi ƴan tsaga kamar gashi, ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita, ƙasar da ke bayansa ta jiƙe ta narke, gara ta samu hanya a ɓoye. Daga waje bango sumul, ciki kogo. Gwajinsa ba wuya: ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa, inda ya yi ƙarar ganga to ya rabu da bango. Ya ƙwanƙwasa, kusan rabin fuskar ganga ce. Ga masana'antar siminti a Malbaza nan kusa, buhu na samuwa a kowace kasuwa, kowa kuma yana ganin shi ne ci gaba. Yana da wurinsa, amma ba a jikin tubali ba.

Na uku yana sama. Indararo biyu cikin huɗu sun toshe da ƙasa da kashin jemage, ɗaya ya karye daidai bango, yana zubar da ruwa a jikinsa, ya haƙa kwari tun daga rawani har ƙasa. Rufin irin wanda aka yi wa gine-ginen gwamnati da yawa ne, ƙananan bakuna na gasasshen bulo da aka ɗora tsakanin ƙarafa. In ruwa ya kai ga ƙarfen sai ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take, ta ture bulon ta tsaga shi a tsawon ƙarfen. Inda aka yi rufi da azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cika cinta ba, kan da ke cikin bango ne ke ruɓewa in ya daɗe a jiƙe. Ga kuma dogon yaro da ya tsiro taki biyu daga kusurwa, saiwarsa ta shige ƙarƙashi. Yamai tana samun ruwan da ya ɗan haura milimita 500 a shekara, Tawa ba ta kai haka ba, amma ba jimillar ke kashe gini ba, ruwan dare ɗaya ne. A Satumbar 2024 tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya zube bayan ruwa mai yawa, mutane suna kallo.

Gyara yana da jeri, kuma wanda ya tsallake na farko yana wasa da rai. Kafin kowa ya sa diga ko ya kunna wuta, sai sojoji masu kwance bama-bamai sun bincike ɗakin, da ƙarƙashin daɓe, da filin kewaye, da duk tsohuwar rijiya, domin a da in kaya ya lalace sau da yawa binne shi ake yi kusa. Tsohon harsashin igwa da ya yi tsatsa ya fi sabo haɗari. Wanda ya gani kada ya taɓa, kada ya ɗauka ya kai wa hukuma, ya sa alama ya kira su. Ai dalilin da ya sa ake kwashe makamai daga irin waɗannan ɗakuna ke nan: an gina su a bayan gari, gari ya girma ya haɗiye su. An ga abin da ya faru a barikin Ikeja a Legas a Janairun 2002, inda fiye da mutum 1,000 suka rasu, da Mpila a Barazabil a Maris 2012, da Njamena a Yunin 2024. Kwashe kayan wajibi ne. Abin da ba wajibi ba shi ne a bi ɗakin da katafila.

Bayan soja sai ma'auni da hoto, kafin a taɓa komi: tsawo, faɗi, kaurin kowane bango, wurin kowace kafa da kowane rami, hoton kowace fuska da sanda mai awo a jingine. Duk rubutu ko lamba a bango, ko da gawayi wani soja ya yi, a ɗauke shi. Sannan a zauna da tsofaffi a naɗi muryarsu, domin su ne suka san ina ƙofar katanga take da ina mai gadi ke tsayawa. Daga nan ruwa: a buɗe indararo, a sa sababbi masu fitowa aƙalla santimita 60 daga bango, a ajiye duwatsu inda ruwan ke faɗuwa. A kwashe ƙasar da ta taru har daɓen ciki ya fi waje tudu, a gangarar da filin ruwa ya gudu nesa. Icen a sare shi, amma kada a tumɓuke kututturen da ƙarfi, a bar saiwar ta mutu a wurinta. Simintin a ɓamɓare shi da hannu, kaɗan kaɗan, a bar bangon ya sha iska makonni. Gindin da ya zaizaye ba a cika shi da yaɓe mai kauri, zubewa zai yi. Ana yanke ruɓaɓɓen wurin a jera sabon tubali, kuma ba a buɗe fiye da mita ɗaya a lokaci guda, a gyara nan, a tsallake, a gyara can, in sun bushe a dawo tsakiya. Tsaga kuma kafin a toshe ta a san ko tana tafiya: a manna mata ɗan farin filasta irin na ɗaurin karaya, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan damina. In ya tsage, ciwon yana ƙasa, toshewa ɓata kaya ne.

Yaɓe shi ne na ƙarshe, ko da yake shi mutane ke son farawa da shi don shi ake gani. Ƙasar ta zama irin ta ginin, a kwaɓa da ciyawa a bar ta ta ruɓa kwanaki ana juyawa. A gwada haɗi uku ko huɗu a jikin bango, kowanne kamar mita ɗaya, a ga wanda bai tsage ba kuma bai zubar da gari ba: mai tsagewa yumɓu ya yi masa yawa, mai zubar da gari rairayi ne ya yi yawa. A jiƙa bango, a yi shafi biyu ko uku, kowanne kada ya kai santimita 2. Na waje a haɗa shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, mai sa ruwa ya zame. Inda ginin dutse ne ko gasasshen bulo, farar ƙasar da ake samu daga ƙona dutse ita ce abokiyarsa, awo ɗaya ga awo uku na rairayi. Lokacin aikin daga bayan girbi ne, a gama kafin Yuni. In hunturu ya yi tsanani a rataya buhuna a riƙa yayyafa ruwa, don iskar tana busar da fuska ciki na ɗanye. Kuma yaɓen ƙasa ba a yi shi an gama ba ne, duk shekara ko biyu sai an koma. Ginin da ba shi da mai shiga kullum ba mai lura da indararonsa, shi ya sa ya kamata a ba shi aiki: ɗan gidan tarihi na gari, ko ma'ajiyar takardu in an tabbatar ba laima ba gara. Ban da shagon mai, ban da ɗakin janareta.

Mun shiga Yamai da la'asar ta uku. Washegari na tari taksi na ce Fudiriyar, direban bai ko juyo ba, unguwa ce da kowa ya sani, Poudrière a rubuce. Na tambaye shi ma'anar sunan, ya ce suna ne kawai. Na tambayi mai shayi da wasu samari biyu a bakin titi, ɗaya ne ya ce kamar yana da alaƙa da soja. Kalmar kuwa Faransanci ce, ma'anarta ɗakin albarushi. Gidaje ne, da makarantu, da shaguna, da masu gyaran babur. Yamai ta karɓi babban birni daga Damagaram a 1926 tana ƙaramin gari, abin da yake bayan gari a lokacin yau tsakiya ne.

Daga nan muka gangara Gidan Tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Akwai takubba da masu da garkuwoyi, ga kayan sawa na kabilu, ga ƙasusuwan dabbobin da, ga icen Tenere da mota ta kayar a 1973 an yi masa rumfa. Makami yana da sauƙin adanawa, a goge a sa a gilashi. Ɗakin da makamin ya fito daga ciki ba ya ɗaukuwa, sai a inda yake. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, tsohon garin Agadas kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013, amma doka ba ta kare ginin da ba a rubuta shi a rajista ba, kuma ƙananan ɗakuna irin wanda muka gani su ne ba mai kai sunansu. A Oktoban 2024 an sauya sunayen wasu tituna a Yamai, titin De Gaulle ya koma na Jibo Bakari, aka cire hoton Monteil, hafsan sojan Faransa, aka sa na Thomas Sankara. Suna da hoto girmamawa ne, ƙasa tana da ikon zaɓen wanda za ta girmama. Ɗakin albarushi ba ya girmama kowa, shaida ne, kuma ba a korar mai shaida don an ƙi wanda ya yi laifin.

Mai son haɗa takardun neman a yi wa irin wannan gini rajista, a Yamai zai fara. Ma'ajiyar takardun ƙasa tana da rahotannin kwamandojin da, cibiyar bincike ta IRSH tana da nazarce-nazarce, cibiyar CELHTO kuma aikinta tarihin baka. Zanen gine-ginen soja da yawa yana waje, a Dakar, da Aix-en-Provence da Vincennes na Faransa. Tsofaffin hotunan jirgin sama suna da amfani ƙwarai, don suna nuna katanga da tudun da suka ɓace. A haɗa da awon da aka yi, da hotuna, da muryoyin tsofaffi, da takardar da ke nuna mai filin, a kai ma'aikatar al'adu ta hannun magajin gari.

Sarkin Magina bai tsaya wannan ba. Ya ce takarda tana iya shekara, Yuni kuwa saura wata huɗu. Da safe na raka shi tasha ya kama motar gabas, da niyyar ya sauka a garin nan ya nemi mai unguwa da dattijon, a samu samari biyar da kwando, a buɗe indararo biyun, a sa sabo a gurbin karyayyen, a kwashe ƙasar gindin bangon arewa. Ya lissafa aikin yini biyu ne, abin saye kuma indararo ɗaya da igiyar ɗaure awaki.